Abin da Aka Ciro a Cikin Tunkiyar Malam

Me ya sa na ambaci sunan Laraba ranar da aka yanka tunkiyar Malam, maigidana? Shekara biyar ke nan ina tambayar kaina, ban sami amsa ba. Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuwa ce mata kada ta rage mini komai.

A Kawo na tashi, a hannun kakata Iya Tabawa, lokacin da bayan gidanmu duk gonar dawa ce. Alale take sayarwa a bakin tasha. Bayan sallar isha sai ta hura murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna goge ganyen da take ƙunsa markaɗen wake a ciki. Ladanmu tatsuniya. Wanda ya yi gyangyaɗi sai ta zungure shi da muciya ta ce, “Kai sarkin barci, tatsuniyata ba sadaka ba ce, goge ganye!”

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata da ta gaji da fashewar ƙwarya. Ta je bakin rafi tana mita, sai wata tsohuwa ta fito daga ruwa ta miƙa mata ƙwaryar da ba ta fashewa, ba ta yoyo. Matar ta yi ta rawa. Da ƙwaryar ta tsufa ta soma wari, ta jefar da ita a juji. Damina uku, tana nan yadda take. Ta binne ta a gona, dawa ta ƙi fitowa a wurin. Ta sa ta a wuta, hayaƙi ya kori kowa daga gida. Ta wurga ta a rafi, ta je ta toshe hanyar ruwa, ruwa ya shiga gari. Nan Iya za ta ɗaga ganye ɗaya ta ce, “Wannan da kuke rainawa, gobe akuya ta ci, jibi ya zama taki. Abin da ƙasa ta ƙi ci, ’yan nan, ku ji tsoronsa.” Mu kuwa dariya muke yi, don ba mu taɓa ganin abin da ƙasa ba ta ci ba.

Aure ya kawo ni Rigasa, na ci gaba da sana’ar Iya. Da leda ta zo na bar ganye. Ba ta da nauyi, ba ta yoyo, ba a goge ta, tafasasshen ruwa ba ya narkar da ita. Ina da irin ɗaurina: in murɗa sau biyu in bar kunne, mai saye ya ja sau ɗaya ta kwance. Ledojin waɗanda aka ci a gida sai in watsa a jujin tsakar gida, kamar yadda Iya ke watsa ganye. Masu tsintar roba ba sa ɗauka. Sun ce mai kauri ake narkarwa, ba wannan siririyar mai maiƙo ba. Malam ya taɓa yi mini magana, na ce, “Haba Malam, ai ƙasa za ta cinye.”

Malam direba ne. Da idonsa ya yi rauni ya bar tuƙi, ya sayi tunkiya. Ita ce abokiyar hirarsa da hantsi. Da cikinta ya soma girma ya yi ta murna, yana cewa tagwaye ne. Sai ta rame, ta daina cin dusa, ta kwanta. Aka yanka ta kafin ta mutu. Mahauci ya farke tumbin, ya ciro curin leda mai girman kan jariri, ya watsa masa ruwa. Ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Ƙanshin manja ne ya ja ta ta haɗiye su. Ina tsaye na ga kunnuwan ɗaurina.

Malam ya ce, “Asabe, daga ina wannan?”

Na ce, “Ai na Laraba ne, iska ke ƙetaro da su.”

Laraba maƙwabciyarmu ce, zoɓo take ƙullawa a leda. Ita ta dafa mini ruwan wankan jego a haihuwata ta fari. Malam ya tsaya a ƙofar gidansu ya faɗi maganganu a gaban mutane. Mijinta ya hana ta shiga gidanmu. Daga ranar ko a gidan suna muka haɗu sai ta kau da kai, ni kuma in sunkuyar da nawa.

Na ɗauka maganar za ta ruɓe in an daɗe, yadda na ɗauka ledar za ta yi. Tatsuniyar Iya ta yi ta dawo mini ina kore ta. Ashe ba ƙwarya kaɗai take nufi ba. Duk inda na tura abin nan, sai in tarar da shi yadda na bar shi.

Malam ya kwanta ciwo bara. Ranar da zai rasu, bayan la’asar, ina ba shi kunu ya ture cokalin. Na buɗe baki zan faɗa masa, kuka ya riga ni. Ya kama hannuna ya ce:

“Na san ɗaurinki, Asabe. Bayan kwana biyu na gane, girman kai ya hana ni komawa. Ni na yafe miki. Amma Laraba ba ni ba ce. Ki shiga gidanta, ki roƙa mana mu biyu.”