Yarinyar da Na Sa Aka Yi Wa Eho

A shekarun farko bayan an ba mu jihar Jigawa, ni matashiyar malama ce 'yar Birnin Kudu, aka tura ni wata firamare a yankin Zandam ta ƙasar Gwaram. Ina da zafin rai, ga son a yaba mini. Abin alfaharina shi ne ajina ya fi kowane aji ɗaga murya, in muka kama biyu sau biyu har bakin hanya ana jiyo mu.

Akwai wata yarinya da ba ta bin mu. Da zarar yara sun ɗauka, sai ta toshe kunnuwa da hannu biyu tana rangaji gaba da baya. Ni kuwa na ɗauka raini ne. Na yi tsawa, na yi bulala, a banza. Rannan haushi ya kwashe ni, na tsayar da ita gaban allo na ce 'yan aji su yi mata eho. Suka kuwa yi iya ƙarfinsu, har da dukan benci. Ta zube ƙasa tana kururuwa, tana buga goshinta da daɓe. Washegari mahaifiyarta ta zo ta durƙusa, ta roƙe ni in mai da ita kusa da ƙofa don ta riƙa fita in hayaniya ta yi yawa. Ta ce a gida ma haka take yi in ana daka, amma in wuri ya yi shiru takan maimaita karatun ita kaɗai. Na ce ba ni da lokacin lallashin yarinya guda, da alama iska ce, su je su nemi magani, kanta ba na boko ba ne. Ta ce to, Malama ta fi su sani. Ba ta ƙara kawo ta ba.

Allah da ikonsa, ɗan autana ya zo da irin wannan halitta. Malaminsa ya zaunar da shi a gefe, ya hana a tsokane shi, yana kiranmu mu yi shawara. Yau yaron yana karatunsa lafiya lau.

Bara muka haɗu da mahaifiyar yarinyar nan a motar Gwaram, ta gane ni. Na tambayi 'yarta, ta ce tana nan gida, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Sannan ta yi mini godiya da zuciya ɗaya, wai na faɗa musu gaskiya da wuri, ban bar su suna wahala ba. Wallahi ji na yi da ma zagina ta yi. Har muka sauka ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

'Yan uwana malamai, yaron da ya toshe kunne ba lallai ba ne yana raina ku, wataƙila hayaniyar ce ke yi masa ciwo. Ku saurari iyayensa, ku gyara masa wurin zama. Kuma ku auna abin da zai fito daga bakinku, domin iyayenmu na karkara ba sa musu da malami, ko da kuwa shi ne ya cuce su.