Jinjirin Watan da Ban Gani Ba

Da yammacin ashirin da tara ga Sha'aban, shekarar da nake aji huɗu a firamare idan ban yi kuskure ba, duk yaran gidanmu na Gwammaja muka hau soro duban wata. Ana idar da magariba Yaya Sani ya miƙa hannu ya kwarma ihu: "Ga shi can, saman dabino!" Kowa ya shiga tsalle. Na ƙanƙance ido har hawaye ya zubo, ban ga komai ba sai jan sararin sama, dabinon ma wani duhu-duhu ne kawai a wurina. Da aka tambaye ni, na ce na gani. Na sauko cike da tsoro, domin a ranar na sakankance abin da ya sami Kaka ya fara samuna.

Kaka mahaifiyar Baba ce, yanar ido ce ta rufe mata gani. Shekara guda kafin nan aka kawo wani mutum mai jakar fata da ke bin unguwanni, aka ce yana cire yana. A tsakar gida aka zaunar da ita kan tabarma, mutum biyu suka danne mata kai, ya soka wani siririn ƙarfe mai kama da allura a idonta na dama. An kore mu, amma ni na maƙale a bayan randa, kuma har yau ina jin salatin da ta riƙa yi. Kwana uku tana cewa tana ganin haske, sannan idon ya kumbura, ya yi jawur, ya mutu. Da na girma na karanta cewa irinsu ba cirewa suke yi ba, tura yanar suke yi can cikin ido. Ni ba likita ba ce, ba zan zurfafa ba. Abin da na sani a lokacin shi ne, duk wanda ya ce ba ya gani, mai allura za a kira masa.

Sai na ɓoye, kuma ɓoyewar ba ta yi wuya ba, don a gidan ni ce aka sani da kaifin ido. Ni ke zura wa Kaka zare a allura, ni ke tsince tsakuwa a shinkafa, a carafke ba mai ja da ni. Ba wanda ya lura duk abubuwan kusa ne. A makaranta allo ya zame mini hayaƙi, sai in kwafa daga littafin ƙawata Rabi, har da kurakuranta, mu sha bulala tare. Kullum da safe kafin in share tsakar gida sai na ɗauki madubin Inna na duba ko farin ya fara fitowa.

Asirina ya tonu a cikin azumin nan. An aike ni kai kunu gidan gwaggo, a bakin lungu na wuce wasu maza zaune kan benci ban ko rusuna ba, ashe Baba ne da abokansa. Da ya shigo gida ransa a ɓace, ya tsinko reshen darbejiya yana tambayar wa ya koya mini wuce manya. Kaka ce ta tare shi daga bakin ɗakinta. "Tsaya, Malam. Ke Hauwa, daga nan yatsu nawa na ɗaga?" Na ƙanƙance ido, na kasa ƙirga su. Ta ce, "Ba rashin kunya ba ne, yarinyar nan ba ta gani." Na zube ƙasa ina kuka ina roƙon kada a kira mai allura. Baba ya saki reshen. Shi ne ya kawo mutumin, kuma ina jin, Allah ne masani, bai taɓa yafe wa kansa ba. Kaka ta ce, "Ido ɗaya da aka ci a gidan nan ya isa."

Bayan salla Baba ya goya ni a keke zuwa asibitin ido. Da aka kira ni, ina ta neman ƙarfen a hannun ma'aikaciyar, amma haruffa kawai ta nuna mini a bango, tana sauya gilasai a gaban idona. Aka ce ba yana ba ce, rashin hangen nesa ne, tabarau ne maganinsa. Ranar da na sa shi, na tsaya a ƙofar gida ina kallon mutane ɗaya-ɗaya a kan dutsen Dala. Maƙwabta suka ce gilashi zai zurma mini ido, na kuma tsorata, amma ban cire ba. A asibitin nan aka yi wa Kaka aikin idon hagu, bayan an daɗe ana lallashinta, ta koma zura zarenta da kanta.

Yanzu ina kai 'ya'yana awon ido, wataƙila fiye da yadda ya kamata, kuma a waya suke jin labarin wata, ba su san hawa soro ba. Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni kuwa duk Sha'aban sai na goge tabarau na fita, in na hango jinjirin watan in yi mata addu'a. Da ido ɗaya, mai yana ma, ita ta fara ganin abin da nake ɓoyewa.