Lambobin da Jalo Ya Kawo

Malam Jalo mutumin Gadaka ne. Da gyaran rediyo ya fara a Potiskum, daga baya ya koma kwamfuta, ya shekara ashirin a wani ɗan shago kusa da tasha. An san shi da nawa wajen aiki, saboda ba ya saka fayil a na'urar kowa sai ya fitar da hash ɗinsa, wato dogon jerin lambobi da haruffa da ke bambanta kowane fayil da ɗan'uwansa. Ko ɗigo aka taɓa a fayil, jerin duka sai ya canja. Yakan gwada shi da wanda masu manhajar suka wallafa, ya tabbatar daga wane ƙunshin manhaja fayil ɗin ya fito, sannan ya rubuta ya ajiye.

Shi ya haɗa wa Hajiya Ummul-Khair kwamfutocin ɗakin gwajin jininta. Bayan wata biyar, wata safiya aka tarar sakamakon mutane duk ya goge. Hajiya ba ta neme shi ba, ta kira Hammawa, mai sabon shago a bakin titi. Hammawa ya gano wani fayil guda ɗaya da ya yi ɓarnar, ya ga lambarsa ba ta dace da kowane ƙunshi na asali ba. Ya ga kuma fayil ɗin ya shigo ne tare da wata manhajar sata da ƙanin Hajiya ya sauke. Ya yi shiru da wannan, ya ce aikin Jalo ne.

Jalo ya zo a Keke Napep da takardarsa, ya tarar da jama'a cike a ƙofar ɗakin gwajin.

"Hajiya, dubi nan. Ga lambar fayil ɗin ranar da na saka, ga ta yau. Ba ɗaya ba ne. Wani ya canja shi bayana."

Ta karɓa ta ɗaga wa mutane. "Ku ga abin da ya kawo mini. Laya ce ko me?"

Aka kwashe da dariya. Jalo ya juya. "Hammawa, kai ka iya karantawa. Faɗa musu."

"Baba, idonka ya tsufa," in ji Hammawa.

Kafin la'asar hoton Jalo ya zaga wayoyin gari, an rubuta a ƙasa: mai lalata kwamfuta. Waɗanda suka bar masa gyara suka zo suka kwashe kayansu. Wata mata da sakamakon mijinta ya ɓace ta tofa masa yawu a gaban shago. Wata uku bayan haka ya mayar da makullin shagonsa, ya koma Gadaka yana noman wake.

Bara ya haɗu da Hajiya a wajen wata ta'aziyya a Fika. Ya gaishe ta, ya soma maganar fayil ɗin.

Ta katse shi. "Malam Jalo, ai tun ranar na sani. To so kake in tona wa ƙanina asiri?"

Ta gyara mayafinta, ta ce wa direba ya tayar da mota.