Shaidun da Baba Ya Bar Mana

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifina, Idi mai dako, makwancinsa. Kowace shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana tsoro ya hana ni shirun.

Baba ya sauka Jidda ta jirgin ruwa yana saurayi, da niyyar ya yi hajji ya koma gida. Bai koma ba. Ya kama dako a mina, tashar jiragen ruwa. Shinkafa, sukari, siminti, duk abin da teku ta kawo wa garin nan sai da ya hau bayan irinsu. Yakan ce a wuyansa Jidda ta yi girma. A Karantina ya kafa ɗaki, unguwar da ta ci sunan wurin da ake tsare alhazai a duba lafiyarsu. Can aka haife ni, can aka haifi 'yata Zainab.

Mu a gida matanmu ke haihuwa, don asibiti takarda yake fara tambaya. Inna Ladi ungozoma ce ta karɓi rabin yaran layinmu. Lokacin da aka haifi Zainab kafilina, wanda nake zama a ƙasar da sunansa, ya rasu, iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu, amma na ce ko ta halin ƙaƙa zan je in nema mata takardar haihuwa. Baba ya riƙe min hannu.

"Zauna, kada ka kai kanka. Ladi ta yanke cibiya, liman ya raɗa suna, layi guda ya ci tuwon suna. Wa zai ce ba 'yar nan ba ce? Takarda ruwa ke cinye ta. Mutum ba ya jiƙewa."

Na zauna. Kuma ba ƙarya ya yi ba, a zamaninsa haka abin yake. In magana ta taso, dattawa biyu su raka ka wurin umda, wato mai unguwa, su ce sun san ka sun san ubanka, halas, magana ta ƙare. Baba kansa ya tsaya wa mutane da yawa haka. Da na gyara iƙamata daga baya, sai na yi ta cewa gobe, gobe kan takardar Zainab.

Bai ga ranar da aka zo aka shafa jan fenti na alamar rusau a bangonmu ba. Bai ga katafila ba. Har masallacin da yake salla a sahun gaba, yau fili ne fetal, ban iya nuna inda ƙofarmu take. Liman ya rasu. Maƙwabta wasu sun yi Makka, wasu an kwashe su an mayar da su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Rumbun da Baba ya tara mana mutane ne, aka watsa shi cikin wata guda.

Zainab shekararta goma sha tara. Ɗakin haya muke a Madain Fahd, ba ta leƙa ko bakin titi. Ni da nake da takarda, in na hango motar bincike sai in canza hanya. Rannan tana yankan albasa ta ce, "Abuya, in sun kama ni, wen za su kai ni?" Wato ina za su kai ta; Hausar ma ji take, ba ta iya mayarwa sosai sai ta haɗa da Larabci. Na ce mata yalla, ki gama girkinki. 

A wani ofis an ce min in kawo wadda ta karɓi haihuwar da shaida biyu, sai a duba. Na sami ɗaya, Malam Sani tela, a Bagdadiyya. Idonsa ya mutu, amma da na ce ɗan Idi ne, ya ce, "Ko a keke ka tura ni." Inna Ladi kuwa tun kafin rusau da sanda take tafiya. Wani ya ce tana wurin jikarta, wani ya ce ta rasu.

Da Baba yana nan me zai ce? Na san shi, ba zai ce ya yi kuskure ba. Takalminsa zai sa ya bi gari ƙofa ƙofa. Ni ma ban ce ya cuce mu ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, sai dai garin da ya waye masa ba shi ya waye mana ba. Abin da ya rage nasa suna ne a bakin tsofaffi, sunan kuma har yau yana aiki, tsofaffin ne ke ƙarewa.

Allah ya jiƙan Baba. Ku kuma mutanen Karantina, duk inda kuka faɗa, in Inna Ladi na da rai ku gaya mata jikar Idi mai dako na jiranta.