Goggo Hajara da Uwayen 'Ya'yan Fari

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Hajara, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta yi aikin awon jarirai a wani ƙaramin asibiti a Bakura. Ina aji shida na firamare ta bar mu, yanzu ina babbar sakandare a Talata Mafara. Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Da hutu akan kai mu wurinta, ni da yayata Asma'u. Yaya takan taya ta jera iyaye mata a layi, ni kuwa sai in laɓe a ƙarshen benci ina kallo. Kafin Goggo ta taɓa jariri sai ta murza tafin hannunta ya yi ɗumi. Ta shafa maɗigarsa, ta duba cibiya, ta kai shi bakin taga ta kalli farin idonsa, sannan ta ɗora shi a sikeli. Daga ƙarshe ta kaɗa makullanta a bayan kunnensa, ta ga ko zai zabura.

Amma abin da na fi riƙewa shi ne yadda take yi da masu haihuwar fari. Kowa ya san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In an zo awo, kaka ce ke riƙe da yaro, ita ce kuma ke amsa tambaya. Goggo ba ta taɓa kushe wannan kunya ba. Sai dai ta dubi tsohuwar ta ce, "Kaka, bar mini angon naki in gani ko ya isa aure. Taimaka ki amso muna ruwa wurin maigadi." Tsohuwa ta fita tana dariya, tana cewa kada a ƙwace mata miji. Sai Goggo ta juya wa uwar baya, ta sa ido a kan jaririn, ta ce a hankali, "Wanga baƙo naku, shina shan nono da kyau?" Na sha ganin yarinya ta fuskanci bango tana faɗin abin da ta kwana biyu tana haɗiyewa. Goggo takan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an rage masa 'yan kallo.

Bara Yaya Asma'u ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Bashir. Bayan ta gama wankan jego a gidanmu ta koma ɗakinta a Maradun, inda take zaune tare da uwar mijinta, wadda muke kira Hajiya. Da na je musu hutu, Bashir ya fara riƙe wuyansa, yana dariya in ya ga fuska. Kowa na yabon haƙurinsa.

Wata rana da hantsi na hango Yaya ta ƙofar ɗaki. Ta kwantar da shi, ta zagaya bayansa, ta saki murfin kwano a ƙasa. Ni da ke waje sai da na firgita. Shi kuwa yana ta kallon yatsunsa. Ta ɗauka ta sake saki. Sannan ta tsaya, hannunta a baki. Da ta ji motsin Hajiya sai ta kama share ɗaki. Washegari ma na ga ta tafa hannu a bayansa.

Ranar awo muka tafi mu uku, Hajiya ce ta goya shi. Ma'aikaciyar matashiya ce mai fara'a, ga layi har waje. Ta auna shi, ta ce nauyinsa ya yi. Ta tambaya, "Yana juyowa in ya ji ƙara?"

Hajiya ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Angona bai da rigima. Ko injin niƙan maƙwabta bai tashe shi barci."

Ma'aikaciyar ta ɗago kai, kamar maganar ta tsaya mata, ta dubi Yaya. Yaya ta sunkuyar da kai. Can sai na ji Yaya ta ce: "Malama, ɗana bai ji. Na gwada shi."

Hajiya ta riƙe haɓa. Ban san wanne ya fi girgiza ta ba, labarin ko kalmar "ɗana" a gabanta. Amma Allah ya saka mata da alheri, kwance goyon ta yi, ta miƙa wa Yaya yaron, ta ce, "Riƙe shi ki yi musu bayani."

A hanyar gida Yaya ta ce mini ta daɗe tana jiran a aiki Hajiya amso ruwa, sai ta tuna mai aiken tana kabari.

An tura su babban asibiti a Gusau. Gwaji ya tabbatar da abin da Yaya ta riga ta sani. Likitoci sun ce gara da aka zo da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba su yi alkawarin komai ba. Har yau ana kan zuwa.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga wannan rana. Ina jin za ta yi murna da sababbin na'urorin gwaji. Ina jin kuma za ta yi baƙin ciki cewa 'yar ɗan'uwanta ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai tsawon makonni, don babu wanda ya rage mata 'yan kallo. Dabararta ba a koyar da ita a makaranta, ta tafi da abarta. Abin da ta bari kaɗan ne: yarinya ɗaya da ta san yadda ake gwada kunnen jariri, ta kuma san cewa maganar uwa ita ce rabin awo. Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta.

Yanzu Yaya ta daina ɓoyewa. A tsakar gida, a gaban Hajiya da baƙi, takan ɗaga shi daidai fuskarta don ya ga leɓunanta, ta kira shi da ƙarfi, "Bashir." Shi kuma ya yi mata dariya, bai taɓa jin sunan ba.