Yadda Jekadafari ta biyo ni otal

Abubuwa da yawa sun faru da ni sun wuce kamar ba a yi ba, amma saukar da muka yi a wani babban otal na Gombe, ni da maigida da yaranmu uku, wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin zan manta da ita.

A unguwar Jekadafari ta cikin Gombe na tashi, a hannun Goggo, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifiyata. Aure ne ya kai ni Abuja. To wata shekara sai maigida ya samu taron aiki na kwana biyu a Gombe, ya dace da hutun makaranta, na ce ƙafarsa ƙafarmu. A lokacin babbar 'yata tana aji ɗaya, tagwayena maza kuwa suna shekarun da yaro ba ya ganin abu a ajiye ya bar shi a ajiye. Tun da na haife su ban yi barcin kirki ba. Hutu nake so, irin wanda za a dafa a kawo min, a share, a gyara gado, ba wanda zai kira sunana.

Na ɗauki zaɓen otal ɗin nan kamar zaɓen miji. Kullum ina riƙe da waya ina duba hotuna. Wannan ba shi da wurin ninƙaya na yara, wancan tagoginsa ba kariya, wani kuma an ce injin wutarsa sai ya ga dama. Har kira na riƙa yi ina tambayar ko gado yana da tsawo, ko akwai bahon wanka, ko ana jin hayaniyar titi. Daga ƙarshe na samu wanda ya cika duk sharuɗɗana, mai ƙasa sumul kamar a lasa. Tsarina shi ne mu yi kwanan farko shiru, washegari in je gidan Goggo da rana in gaishe ta kamar saukarmu ke nan. A raina na ce ai ba ƙarya ba ce, jinkirta gaskiya ne kawai.

Muna isa wurin karɓar baƙi, yarinyar da ke bayan tebur ta fara mana Turanci mai daɗi, sai ta tsaya ta ƙura min ido. "Anti, ba ke ce ta gidan Goggo ba? Ni ce ta gidan da ke jikin naku, kin sha goya ni."  'Yar maƙwabciyar Goggo ce, wata malamar makaranta 'yar Tangale da suka shekara da shekaru katanga ɗaya, Goggo ta aika musu naman layya, su aiko mata shinkafar Kirsimeti. Na yi yaƙe na ce ta girma. Na so in roƙe ta ta rufa min asiri, amma ta yaya zan ce wa yarinyar da na goya kada ta faɗa wa uwarta ta gan ni? Muna shiga na'urar hawa bene na hango ta tana danna waya tana murmushi.

Maigida ya ajiye mu ya wuce taronsa. Na yi wanka, na miƙe a kan gadon nan mai laushi, yara suna tsalle suna jiran rana ta yi sanyi a kai su ruwa. Ban kai ga rufe ido ba aka kira daga ƙasa, wai ina da baƙi. Na tambaya su nawa ne. Aka ce har yanzu suna shigowa.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ɗauka Goggo faɗa ta zo yi. Ba haka ba ne. A wurinmu baƙo duk inda ya sauka ana kai masa abinci, ana zuwa yi masa sannu da zuwa. Tunda na zaɓi in zama baƙuwa, Goggo ta yanke shawarar a yi min baƙunta cikakkiya. Ita ce a gaba da carbinta, bayanta maƙwabciyarta, sai matan unguwa kowace da kula a hannu, sai 'yan mata da tabarmi a naɗe, da buta, da ƙwaryar fura da nono. Har wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zo, daga unguwar Barunde, wai a hanya ta ji ana zancen ta biyo.

Goggo ta shigo ɗakin ta dubi sama ta dubi ƙasa, ta rungumi jikoki, ta yi min sannu da hanya cikin fara'a. Ko kalma ɗaya ba ta ce ba game da otal, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo. Kafin in farga ɗaki ya cika, an shimfiɗa tabarmi har kan barandar da baƙi ke wucewa. Takalma suka taru a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. Aka buɗe kuloli, ƙamshin miyar kuka da daddawa ya kori turaren da otal ke taƙama da shi. Ɗaya daga tagwayen ya zare katin da ke riƙe da wutar ɗakin, komai ya mutu, mata suka haɗa baki suka ce an ɗauke. Goggo ta gyaɗa kai ta ce ashe har nan ma ana yi, ta zaro maficinta daga jaka.

Sai kuma wani kwando da suka shigo da shi a rufe da zane, wanda aka ce wa masu gadi kayan yara ne, ya motsa. Zakara ne, ja, ƙato, mai rai. Ba a karɓar baƙo a gidan Goggo ba a yanka masa kaza ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa canjin wuri ya canja wannan ba. Aka ajiye shi a bahon wankan da na sha kiran waya a kansa. Tagwaye suka kwance masa ƙafa don tausayi. Ya fito ta tsakanin mata, ya bi baranda, ya sauka matattakala, yarana uku a bayansa suna ihu, ni a bayansu ba takalmi, ɗankwali a hannu. A bakin ruwan ninƙaya muka cim masa, ya haye kan kujerar wani baƙo da ke shan lemo, ya miƙe wuya ya yi cara da rana tsaka.

Nan manaja ya same mu, mutum mai ladabi cikin kwat, yana ta murza hannu. Ya fara bayanin cewa dokar wurin ba ta yarda da dabbobi ba, ba ta yarda da abincin waje ba, ba ta yarda da taro a baranda ba. Goggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, kuma ya ci abincin rana kuwa? Ban san yadda aka yi ba, na dai gan shi daga baya a tsaye a lungu da kofin fura, yana cewa a dai rage murya. Ruwan ninƙaya kuwa, Goggo tana ganinsa ta kama salati, ta ce wane marar tunani ne ya haƙa tafki a tsakar gida ga yara suna yawo. Ta kafa doka, ko yatsa jikokinta ba za su tsoma ba. Abin da na fi wahala a kansa wurin zaɓe ke nan, kuma har muka bar Gombe ba su taɓa ruwan ba.

Maigida ya dawo da la'asar, ya ga takalma, ya ɗauka rasuwa aka yi. Da ya gane surukai ne, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa yana gaisuwa, ana miƙa shi daga tsohuwa zuwa tsohuwa, har gwiwoyinsa suka gaji.

Da mutane suka fara raguwa, Goggo ta ja ni gefe. Fara'ar nan duk ta tafi. Ta ce tun kafin azahar magana ta zaga unguwa, wai 'yarta ta zo gari ta sauka a ɗakin haya. "Tambayata ake yi me na miki. Ni ma ban sani ba, shi ya sa na zo da su, su gani da idonsu ba mu ɓata ba." Na fara kame-kame, na ce zafi, na ce sauro, na ce ban so yara su ɗora mata wahala. Ta ce zafin nan da sauron nan su suka raine ni, ga ni kuwa har na yi ƙiba. Na yi dariya, amma hawaye ne suka zubo, don sai a lokacin na ga abin da hutuna ya jawo mata a idon mutanen da take kwana take tashi da su.

Ita ta kawo mafita, kuma har yau ban ji irinta ba. Ta ce dole unguwa ta ga mun wayi gari a gidanta, amma ɗakin da aka riga aka kama ba za a bar shi ya kwana ba kowa ba, almubazzaranci ne. Saboda haka mu tattara mu tafi Jekadafari, ita da maƙwabciyarta za su kwana a otal. Maigida ya amince tun kafin ta rufe baki. Haka muka fita da akwatunanmu da zakara a kwando, yarinyar wurin karɓar baƙi tana sunkuyar da kai tana danne dariya.

Da safe a gidan Goggo, tun kafin in gama shan kunu sallama ta fara. Wannan ta leƙo ta tambayi kwanan baƙi, waccan ta aiko da ƙosai. Tagwaye suna bin awaki, babbar tana koyon jan guga a rijiya, ba wanda ya ƙara tuna ruwan ninƙaya. Ni da na zo neman inda ba za a kira sunana ba, sai ga shi ana ta kiransa ta kan katanga, kuma daɗi nake ji.

Da hantsi muka je ɗauko su. Maƙwabciyar ta riga ta wuce coci. Muka tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, an tokare ta da kula. Goggo tana zaune a tabarma a ƙasa, ta yi wanka ta ci ado, tana fuskantar baranda. Na tambaye ta yaya kwanan manya. Ta ce gado dai ba laifi, sanyi ma ba laifi. Sai ta ja carbi ta ƙara da cewa:

"Tun da na idar da sallar asuba na buɗe ƙofar nan. Mutane suna ta wucewa, suna kallona ina kallonsu. Ko mutum ɗaya bai ce min ina kwana ba. A nan kika so ki kwanar min da jikoki?"

 Har yanzu muna sauka a otal idan tafiya ta kai mu garin da ba mu da kowa, ina ma nan da halina na duba taga da tsawon gado. Amma ranar na koyi cewa duk tambayoyin da na yi ta yi a waya, na bar mafi girma ban yi ba: idan gari ya waye, wa zai leƙo ya tambayi yadda yarana suka kwana? A Gombe mai yin wannan tana Jekadafari, kuma tun daga ranar ƙofarta muke fara bugawa.