Garin Kuka Daga Itapagipe

Har yau, idan na ji ƙarar kofaton doki a kan duwatsun da aka shimfiɗa a hanya, sai in tsaya cik kamar wadda aka kira. Jikokina dariya suke yi mini. A wurinsu doki dabba ce mai jan keke, ba su san komai game da shi ba bayan wannan. Zauna in ba ka labarin inda na samo wannan tsoron, don ka san ba rikicin tsufa ba ne.

A nan birnin Salvador, a ƙasar Nasara da ke hayin teku, aka haife ni, cikin bauta. Innata daga ƙasar Zazzau aka kamo ta tana budurwa. Gidan uwargijiyarmu yana unguwar Vitória, a kan tudu, inda kake hango teku shimfiɗe kamar ba ta taɓa cin kowa ba. Kullum da sassafe Inna takan ɗauki kasko da ƙullin wake ta zauna a bakin hanya tana toya ƙosai da manja, ni kuma ina fifita mata wuta. Duk abin da aka samu na uwargijiya ne. Mu namu shi ne garin rogo, safe da yamma, wani lokaci da ɗan busasshen nama mai gishiri kamar ƙasa.

Akwai wata tsohuwa da nake kira Kaka, Inna kuma tana ce mata Iya. Ba ita ta haifi Inna ba, jirgin bayi ɗaya ne ya kawo su. Ta yi shekaru tana hawa tudu da gangar ruwa a ka, har gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Daga nan masu ita suka ce sun 'yanta ta, wato sun daina ciyar da ita. Ta samu wani ɗaki a ƙarƙashin bene, babu taga, bangonsa kullum yana gumi. Nan muke kai mata ɗan abin da muka rage. Mace ce mai baki. Ba ta taɓa cin abincin Inna ba tare da ta samo masa aibu ba, ni kuwa ƙawata take ce mini, tana tsokanata wai ƙafafuna kamar na zalɓe.

A wata damina, ina 'yar shekara tara ko kusa da haka, Kaka ta daina cin abinci. Ba zazzaɓi ba ne, ba tari ba. Kawai sai ta juya fuskarta bango. Inna ta kai ƙosai mai zafi, ta kawar da kai. Ta dama kunun masara, ya huce a ƙoƙo har ƙuda suka rufe shi. Abin da ya fi tsorata Inna shi ne shirun. Tsohuwar da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, yanzu sai idanu. Wuyan hannunta ya koma kamar kara, har ina iya zagaye shi da 'yan yatsuna.

Wata rana Inna ta durƙusa gabanta tana roƙo, ta ce ta faɗi ko mene ne, in dai yana cikin garin nan za ta nemo. Kaka ta ce, "Ba ya garin nan. Miyar kuka nake so."

Ni ban ma san mene ne kuka ba. A ƙasar nan itacen ba ya fitowa. Amma Inna ta shiga tambaya, tun daga masu ɗaukar kaya a bakin tashar jiragen ruwa har matan Yarabawa masu sayar da goro. A ƙarshe wani dattijo mai ɗaukar Nasara a kujera ya ce mata akwai wani Bahaushe 'yantacce a Itapagipe, can ƙarshen gari a bakin teku, mai sayen kayan da jirage ke kawowa daga ƙasar baƙar fata, goro da sabulun salo da zannuwa. In akwai kuka a wannan gefen teku, to a wurinsa take.

Itapagipe ba kusa ba ne, kuma baiwa ba ta da ranar kanta. Inna ta san abin da zai biyo baya. Duk da haka, da gari ya waye ta ajiye kasko da ƙulli wurin wata maƙwabciyar sana'arta, ta kama hannuna muka gangara. Ta tafi da ni ne don mace mai yarinya a gefe ba a cika ɗaukarta mai gudu ba.

Muka sauka gangaren da ya raba birnin sama da na ƙasa, duwatsu suna santsi saboda ruwan da aka kwana ana yi. Ba mu da takalmi, don bawa ba ya sa takalmi. Birnin ƙasa kuwa wari ne na taba da ruɓaɓɓen kifi da sukarin da ya jiƙe a buhu. Maza suna ɗauke da manyan ganguna a rataye jikin sanda, suna waƙa don ƙafafunsu su daidaita. Muka bi bakin teku muka wuce unguwar Água de Meninos, gidaje suka fara ƙarewa, hanya ta koma laka. Wani ɓawon kawa ya yanke ni a dunduniya. Na zauna ina kuka, na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba.

Inna ba ta daka mini tsawa ba. Ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mini ƙafa, tana ɗaurewa tana ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce a cikin jirgi ita ma ta taɓa rufe bakinta, ta ƙudura ta mutu ta huta. Kaka ce ke ɗaure kusa da ita, ita ce ta riƙa tauna abinci tana tura mata a baki da yatsa, tana zaginta, tana ce mata 'yar banza mai son jiki, har ta haɗiye. Daga nan ta miƙe ta goya ni, ƙatuwa da ni, ƙafafuna suna dukan cinyoyinta.

Rana ta take tsaka muka isa. Gidan mutumin na bayan wurin da ake gyaran jirage, ƙarar guduma ko'ina. Dattijo ne dogo mai farin gemu, yana zaune kan buzu. Inna ta yi sallama ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a taƙaice yana duban hanya ta bayanmu, don a lokacin ana ta raɗe-raɗin Hausawa na ƙulla wani abu, kowa yana tsoron baƙo. Da ta faɗi buƙatarta, ya ce ba ya sayar da kuka, bai taɓa sayarwa ba, wanda ya turo ta ya ɓata mata tafiya.

Na ga kafaɗun Inna sun sauka. Ta cire zoben azurfar da ke kunnenta, abu ɗaya da yake nata, ta ajiye a gefen buzun. Bai ko kalle shi ba. Sai ta ce, "Malam, uwata ce ke mutuwa. Ban zo ciniki ba. In babu, ka ce mini babu tsakaninka da Allah, in tashi in tafi."

Ya ja tasbaharsa. Ya tambayi ko tsohuwar mutuniyar ina ce, Inna ta ce wani ƙauye a ƙasar Kano. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe, ya fito da wata 'yar gora mai toshi. Ya ce wani matuƙin jirgi ne ya kawo masa shekarun baya, ya ajiye wa kansa don ranar da shi ma zai kwanta. Ya zazzage rabi a ganye, ya tsaya ya dubi abin da ya rage, sai ya juye duka. Ya tura wa Inna zobenta da yatsan ƙafa, ya ce mu hanzarta, hadari na haɗuwa. Garin kore ne da ya fara komawa ruwan ƙasa, yana ƙamshi kamar tsohuwar ciyawa. Inna ta ƙulle shi a haɓar zaninta.

A dawowa yunwa ta sa ni jiri, amma Inna sauri take kamar wadda aka sake haifa. Har waƙa ta yi ƙasa-ƙasa. Ruwa ya tsuge muna dab da Água de Meninos, inda hanya ta koma ta duwatsu. A nan muka ji kofato a bayanmu.

Ɗaya ne daga masu farautar bayin da suka gudu, a kan wani jan doki. Ya tare mu ya tambayi ko mu na wane ne, Inna ta faɗi gidan uwargijiya. Da ya ji yadda harshen Nasara ke fita a bakinta, ya gane Bahaushiya ce, sai ya sauko. Layu yake nema da rubutun Larabci. Ya lalube ta ba kunya, a gabana, har hannunsa ya faɗa kan ƙullin. Ya kwance, ya sunsuna, ya ce guba ce aka haɗa wa farar fata. Inna ta ce miya ce. Ta lakata ta sa a bakinta, ta lakata ta sa a nawa, tana rantsuwa da harshensu da namu, tana kiransa ubangida. Ya dube ta, ya kife ganyen a ƙasa, ya hau dokinsa ya wuce.

Ka san yadda kuka take in ta ji ruwa. Nan take ta fara yauƙi, tana bin tsagin duwatsu zuwa kwata. Inna ta faɗi a kan gwiwoyinta ta tare da hannu biyu. Ta ce, "Kwashe, 'yar nan, kwashe!" Muka yi ta karta da farce, muna zubawa a sauran ɗankwalinta, da yashi da komai. Mutane suna wucewa suna kallon mace da yarinya suna kwasar ƙasa cikin ruwan sama. Farcen Inna ya ɓalle, jini yana zuba, ba ta sani ba. Abin da muka tsira da shi bai cika tafin hannu ba.

Ba mu koma gidan uwargijiya ba, ɗakin Kaka muka nufa, ana dab da magariba. Inna ta aro wuta da 'yar shinkafa wurin maƙwabta ta tuƙa tuwo. Kukar ta tace ta a tsumma har hannunta ya gaji, yashin ya ƙi fita duka. Ta kaɗa da ɗan busasshen kifi da barkono. Tun kafin a sauke, na ga Kaka ta juyo daga bango, hancinta yana motsi.

Inna ta tallafe ta, ta ba ta loma. Daga inda nake ina jin yashi yana ƙara a 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta tauna, ta haɗiye, ta buɗe baki aka ƙara mata. Bayan 'yan lomomi ta dubi Inna ta ce, "Ke har yau ba ki iya kaɗa miya ba. Gishirin nan kamar za ki kashe ni."

Inna ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kanta a cinyar tsohuwar. Kaka ta miƙo mini sauran ta ce in ɗanɗana, in san abin da ake kira abinci.

Washegari aka ɗaure Inna a jikin itacen mangwaron da ke bayan gida, aka yi mata bulala saboda yinin da ta sata. Ni na riƙa shafa mata mai a baya har ya warke, ban taɓa jin ta ce da na sani ba. Kaka ta ɗan koma cin abinci, ta koma faɗa, ta ba ni labarin itacen kukar da ke bayan gidan ubanta, wanda mutum biyu ke iya fakewa a kogonsa. Ba ta kai ƙarshen damina ba. Amma ta tafi tana magana, fuskarta tana kallonmu.

Yanzu na girmi Kaka. Na samu 'yanci da gumina, Vitória ta cika da manyan gidajen fatake, masu toya ƙosai kuma da sunan Yarabawa suke kiransa. Tsofaffin da muke gaisawa da su da Hausa a bakin tasha sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yana suna jin kaɗan, jikokina ko sannu ba su sani ba. Kwanan baya da na kwanta ciwo, 'yata ta tsuguna ta tambaye ni da harshen Nasara me nake marmari, ta ce ko mene ne za ta nemo. Na ce mata ta ba ni garin rogo, ya ishe ni. Ta ji daɗi ta tashi. Ban gaya mata ba, abin da nake so shi ne wani ya ɗaga labulen ɗakin nan ya ce mini da Hausa, "Sannu Iya, ya jiki?" Na duba garin nan kaf a zuciyata, ban ga inda zan aike ta ba.